Ƙas Ɗin da Ke Ƙarƙashin Sarewa

Watannin baya Mubarak da ƙanwarsa Zahra, 'ya'yan wani abokina da ke koyarwa a jami'a can Lembah Pantai, a nan Kuala Lumpur, suka hawo benen shagona da leda cike da tsofaffin fayafayan garmaho da suka tsinto a kasuwar gwanjo. Mubarak ya juye su a kan teburin aiki, kan ƙyallen da ko kofin shayina ban yarda ya hau ba.

"Baffa, this thing is easy lah," in ji shi. "Ka goge, ka ɗauki hoto, ka yi posting, customers su zo da kansu. Kawai ka nuna mana yadda ake gane na Italiya ɗin nan masu tsada. One weekend ya isa."

"Boleh, Baffa?" Zahra ta tambaya, tana riƙe da wani faifai da yatsu biyar a kan tsaginsa kamar ta ɗauko gurasa.

Na ce boleh, wato an yarda a yaren garin nan, amma ta fara ɗauke yatsunta daga jikin bawan Allahn nan tukuna. Ban ji haushinsu ba. Duk wanda ya leƙo shagon ya gan ni a kishingiɗe ina jin kiɗa da rana tsaka, dole ya ɗauka na samu sana'ar 'yan hutu. Matata ma ta daɗe tana ce wa ƙawayenta mijinta injiniyan lantarki ne, don ta gaji da bayanin cewa akwai mutumin da aikinsa ya wanke faifai ya zauna ya saurara. To ku da kuke ganin abin wasa ne, ku sani tun yanzu cewa sana'ar nan a kunne take. Hannu yana koyo, ido yana koyo, amma ranar da kunne ya tafi an gama, kuma ba ya yin sallama in zai tafi.

Aikin da ya fara kawo ni shagon nan gyaran amfilifaya ne, injin ƙara murya. Na zo Kuala Lumpur ƙaro karatun lantarki da girmana, ina da hannu a gyara tun ina yaro, don a rumfar kawuna a Fagge na tashi, cikin rediyo da rikoda da garmahon da masu su suka kawo suka manta. Wani ɗan ajinmu ya ce akwai wani Basine a bayan kasuwar Chow Kit da injinsa ke gurnani, masu gyara sun taɓa sun ƙara rikita shi. Na hau monorail, jirgin ƙasan cikin gari, da jakar kayan aikina, na ratsa masu kifi da masu ayaba, na sami matattakalar a gefen wani shagon mamak, wato gidan shayi da abinci. Har yau ƙanshin gurasarsu ta roti da miyar kari ne ke raka mutum zuwa sama. A can na tarar da Uncle Cheong, gajere, cikin farar singileti, tabarau na rataye a wuyansa da igiyar takalmi, fayafayai sun kewaye shi tun daga ƙasa har rufi.

Gyaran bai ɗauke ni lokaci ba, wani ɗan kafasito ne ya bushe. Da na gama ya ce sai ya gwada. Ya zaro faifai daga wani kwali mai ninki uku, da hoton kwalekwale a kife a bakin teku, wani tsoho na zaune a kansa. Ya ɗora allura. Sarewa ce ta fara, ita kaɗai, can ƙasa-ƙasa, har na zaci gyarana ne bai yi ba, na kai hannu zan ƙara murya. Ya make min hannu. Sarewar ta yi ta yawonta ba ganga ba komai, sai kwatsam ganguna da ogan irin na coci suka rufto a tare har gilashin taga ya yi rawa. Wani mutum ya shiga rera waƙa da harshen da ban taɓa ji ba, yana yi kamar ana zare masa rai, sannan komai ya sake lafawa, goge ya karɓa. Gefe guda na faifan waƙa ɗaya ce tal. Ni da na saba da kiɗan da in ya kama hanya ba ya sauka sai ya ƙare, na rasa inda zan ajiye wannan.

"Me ka ji?" ya tambaye ni da Turancinsa na kasuwa.

Na lissafa masa sarewa da ganga da sauransu. Na ƙara da cewa, "Kuma akwai wani ɗan ƙas, ƙarami, a ƙarƙashin sarewar, kafin gangunan su shigo."

Ya ɗora tabaransa ya dube ni sosai. "Ka dawo gobe lah," in ji shi.

Na dawo, kuma ga shi har yanzu ban tafi ba. Karatun na gama shi, takardar tana gida a cikin akwati.

A bakinsa na ji tarihin kayan. Yana saurayi ya yi aikin kicin a jirgin ruwan dakon kaya, jirgin kan tsaya a Genoa da Napoli a farkon shekarun saba'in. A lokacin samarin Italiya sun ji kiɗan rock na Ingila, su kuma sun tashi cikin kiɗan coci da na gidan opera, wasunsu ma makarantar kiɗa suka yi. Sai suka gauraya duka suka rera da harshensu, shi ne abin da masu saye ke kira prog. Da yawa daga ƙungiyoyin faifai ɗaya suka yi suka watse, wannan an kira shi aikin soja, wancan ubansa ya ce ya isa haka. Kaɗan aka buga, kaɗan ɗin ma ba su sayu ba. Uncle ya same su a zube cikin kwandon rangwame kusa da tashar jirgi, ya riƙa saye saboda kyan kwalin kawai, don ba shi da garmaho a jirgi, bai san me ke ciki ba sai da ya dawo gida. Da shekaru suka ja Japanawa suka farga, duniya ta shiga nema, abin da aka yasar ya zama abin da ake hawa jirgin sama a zo gani a saman shagon mamak.

Faifan farko da ya bari na wanke ba na Italiya ba ne, wani tarkacen kiɗan rawa ne da ko kyauta ba mai karɓa. Na daɗe a kan irinsu kafin ya yarda na taɓa na kirki. Ga yadda ake yi, tunda su Mubarak sun ce gogewa ce kawai. Faifai a baki ake riƙe shi, yatsa ba ya sauka a kan tsagi. Za ka fara kai shi ƙarƙashin fitila ka karkata, ka ga abin da ke kwance a ciki, ko ƙura ce, ko maiƙon hannu, ko tokar sigari, ko fumfuna, kowanne da maganinsa. Ruwan famfo ba ya zuwa kusa, sai tataccen ruwa da ɗigon sabulu mara ƙanshi. Burushi mai laushi yana bin tsagi yadda ya zagaya, ba a ƙetare shi. Injin tsotse ruwan Uncle ne ya haɗa da kansa, da tsohon garmaho da injin sharar ɗaki da wani bututu da ya naɗe bakinsa da karammiski. In ya tashi, masu mamak a ƙasa sun san mun fara aiki. Shanya kuwa a kan ragar shanya faranti ta kicin, wadda har yau ita nake amfani da ita.

Na Italiya suna da wani tarko nasu na daban. A kan takardar tsakiya akwai ɗan hatimin tawada da hukumar ƙasarsu ke bugawa, kuma da shi da rubutun da aka karta da hannu a filin da ba tsagi, kusa da takardar, ake gane bugun farko daga wanda aka maimaita daga baya. Tawadar nan ba ta shiri da ruwa. Ɗigo ɗaya ya gangara, hatimin ya koma tabo, kuma mai saye daga Osaka ba zai saurari rantsuwarka ba. Uncle kan kife murfin kwalba mai zoben roba a kan takardar kafin ruwa ya taɓa faifan. Da na tambaye shi ina ya koyi wannan dabara, sai ya ce a kan wasu fayafayai da ba ya son tuna su. Faifan da zafi ya lanƙwasa kuma ana sa shi tsakanin gilashi biyu masu kauri a ɗora a kan kabad a manta da shi. Mai gaggawa ya kai rana, ya dawo ya tarar tsagin ya narke. Ita ma allura ana auna nauyinta da ɗan sikeli irin na masu sayar da zinare, in ta yi nauyi noman faifan take yi, in ba ta kai ba ta yi ta tsalle.

Duk wannan mai natsuwa zai iya koya. Abin da ya raba shagonmu da sauran shi ne dokar Uncle: faifai ba ya hawa kanta sai an saurare shi gefe biyu, daga farko har allura ta kai ƙarshe, a zaune, ba waya ba hira. Kiɗan rawa yana rufa wa datti asiri, don ganga na danne komai. Na Italiya rabinsa shiru ne, mutum ɗaya da piyano, ko jita mara lantarki, ko sarewa, kuma a nan duk wani ƙas da shuu ke fitowa fili. Na ga faifai yana sheƙi kamar ba a taɓa buɗe shi ba, aka ɗora allura ya kama ƙara kamar ana suyar ƙosai, saboda an buga shi a shekarun da man fetur ya yi tsada, da robar da aka narkar aka sake. Na ga kuma wanda fuskarsa duk zane ne amma ya yi tsit. Hoto ba ya nuna wannan, haka na faɗa wa Mubarak. Abin da kunnenka ya ji shi za ka faɗa wa mai saye, kuma a kan maganarka kaɗai mutum zai aiko daga wata ƙasa bai ga kayan ba.

Shi ya sa Uncle yake gwada kunnensa kowace safiya kafin ya buɗe ƙofa. Faifan kwalekwalen nan na ranar farko shi ne ma'auninsa. An sha taya shi ya ce ba na sayarwa ba ne, kuma bai taɓa yarda ruwa ya taɓa shi ba, burushi kawai. Ya ɗiga jan farce a jikin maɓallin murya, daga nan ba a ƙarawa. Shi yana kujerarsa ta katako, ni ina kan ɗan benci ina fuskantarsa, lasifikoki a gefenmu. Sarewa ta fara, mu yi tsit, in ƙas ɗin ya zo sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Daga nan ya ɗauke allura ya ce in sauka in yi mana tapau ɗin shayi da roti, wato in sayo a ƙunso mana.

"Sunusi," ya ce min tun ina sabon zuwa, "ranar da sarewar nan ta wuce ban ɗaga yatsa ba, zan miƙa makulli. Ba zan ce wa mutum faifai shiru yake ba alhali ni ne ba na ji."

Na yi dariya a lokacin. Daga baya na daina, domin kullum da safe gabana sai ya ɗan faɗi har sai yatsan nan ya tashi. Ban iya hango Uncle a wani wuri ba in ba a shagon nan ba, kuma ban iya hango shagon ba shi ba.

Bayan sallar Juma'a abokai kan tsokane ni, wai me Bakano ya tsinta a kiɗan samarin Italiya da yanzu sun tsufa ko sun mutu. Amsar da nake da ita ita ce haƙurin kiɗan. Ba ya gaggawar burge ka. Zai ɗauki ɗan layi ɗaya na sarewa ya ajiye, ya tafi yawo da ganga da jita har ka manta da shi, sai can ƙarshen gefe na biyu ya dawo maka da shi a bakin ogan, ya girma. Akwai wata na'ura mai kama da piyano da suke so, a cikinta zaren kaset ne ɗauke da muryar goge, kowane maɓalli da nasa zaren. Muryarta na ɗan rawa kamar ta tsoho, kuma in ta shigo har yau sai tsikar jikina ta tashi. Samari ne da ba su san ko za a sake buɗe musu ɗakin ɗaukar murya ba, sai suka zuba duk abin da suka iya a faifai ɗaya, kuma ana jin haka a ciki.

Masu saye kuwa kowa da irin haukarsa. Akwai wani Bajapane da ke zuwa duk shekara, kafin ya dubi faifai sai ya buɗe kwalin ya tura hanci ciki ya shaƙa. In ya ji warin laima sai ya rufe, ya yi godiya, ya ajiye, komai daɗewar da ya yi yana nemansa. Akwai Encik Rahim, wato Malam Rahim, direban tasi, wanda bai taɓa sayen ko ɗaya ba, amma in ya sauke fasinja a kusa sai ya hawo ya zauna a kan matattakala ya ji gefe guda, Uncle kuma bai taɓa korarsa ba. Wanda ya fi yi min dariya wani ɗan Italiya ne mai dafa abinci a wani otal a Bukit Bintang. Ruwan sama ne ya koro shi, ya ji abin da ke tashi, ya tsaya cak lemarsa na ɗiga a ƙasa. Ya ce yayansa na da faifan nan a ɗakinsu suna yara, bai sake jin sa ba tun da yayan ya bar gida. Na ce masa ni ma waƙar soyayyar nan tana taɓa ni ƙwarai. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe mawaƙin kuka yake a kan masana'antar da aka gina a gonar kakansa, ni kuma shekara da shekaru ina rera wa matata ita a kicin. Da na faɗa mata ta ce dama ta ji a jikinta.

A 'yan shekarun ƙarshe Uncle ya fara turo min aikin saurare. "Sunusi, ji wannan, shayina zai huce." "Sunusi, ji wancan, zan duba kwali." Na ɗauka girma ne ya zo, dattijo ya samu mai hutar da shi. Yatsan dai yana tashi kowace safiya, don haka ban sa komai a raina ba.

Sai shekarar kulle ta zo, shekarar annobar da aka rufe gari. Su Mubarak suna tuna ta da karatu ta kwamfuta da barci har rana ta take. Mu da fumfuna muke tuna ta. A garin nan laima ce babbar abokiyar gabarmu, injin tsotse danshi biyu ne ke aiki a shagon ba hutu, ana zubar da ruwansu safe da yamma. Da aka ce kowa ya zauna a gida muka ɗauka abin ɗan lokaci ne, muka ja ƙofa. Tankunan suka cika, injinan suka kashe kansu. Ga shingaye a hanya, ba halin zuwa. Uncle yana gidan 'yarsa, ni ina gidana a Pantai Dalam, kullum sai ya bugo waya ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu, kamar ruwan da ake yi a wajensu daban ne.

Ranar da aka bari muka buɗe, warin ne ya fara tarar mu a matattakala. Kantocin sun yi furfura. Fumfuna fara da kore ta bi bayan kwalaye, ledar da ke jikin kwalayen Italiya ta kumbura ta ɗaɗɗago, masu ninki uku sun manne da juna, in ka ja hoton ya biyo hannunka. Uncle ya tsaya a tsakiyar shagon da takunkumi a fuska, sannan ya je ya zubar da ruwan tankunan ya kunna injinan, kamar wannan ne zai gyara wani abu. Na ji tausayinsa har na kasa kallonsa. Watanni muka yi muna ceto, shi yana kan kwalaye da auduga da burushin fenti da siririyar wuƙa, ni ina kan fayafayai. Wasu kwalayen dole muka zubar, kuma faifan Italiya ba kwalinsa rabin faifai ne. Bajapanen nan bai sake dawowa ba ko da aka buɗe filin jirgi.

Faifan kwalekwale shi na bari ƙarshe, don tsoro. Da na zaro shi na karkata a fitila, fumfuna ta yi rassa a cikin tsagin tun daga baki, daidai kan sarewar. Burushi ba zai fitar da ita ba, in kuma aka bar ta za ta ci robar ta bar tabon da ba ya fita. Na nuna wa Uncle. Ya daɗe yana kallo ta gilashin masu gyaran agogo, sannan ya ce, "Yi abin da ya kamata lah." Ya sauka ƙasa wajen mamak, abin da ba ya yi a lokacin aiki.

Abin da ya kamata shi ne gam ɗin kafinta, farin nan. Ana zuba shi a kan faifai yana juyawa, a baje da kati har ya rufe tsagi duka, a kiyaye takardar tsakiya, a bar baki da ɗan kauri don a sami wurin kamawa. Sai a jira ya bushe har farin ya koma garau kamar leda, a garin nan kuwa jira ne mai tsawo. Da ya bushe na sa farce a baki na ɗago a hankali, ya taso gaba ɗaya, falle guda, da hoton tsagin a jikinsa. Na ɗaga shi a fitila. Fumfunar duk ta biyo shi. Kusa da baki kuma ga wani ɗan baƙin ɗigo da bai kai kan allura ba, manne a jikin gam ɗin. Na ɗora faifan ni kaɗai na saurara. Sarewar ta fito tas, ban taɓa jin ta da kyau haka ba, ta tafi har gangunan suka shigo, babu ƙas. Ashe duk shekarun nan ba karcewa ba ce, wani ɗan datti ne ya maƙale, wataƙila tun daga kicin ɗin jirgi.

Washegari na iso da maganar a bakina, na tarar ya riga ni. Ya goge kujerarsa, ya jawo bencina, faifan na juyawa, allura a hannunsa. Na buɗe baki, ya ce "Shh", ya sauke ta. Doka ce, in allura ta sauka ba a magana.

Sarewar ta fara. Yana kallona, ina kallonsa. Ta yi yawonta, ta zo wurin, ta wuce. Hannunsa na kan gwiwarsa bai motsa ba. Gangunan suka rufto. Ya tashi ya ɗauke allurar, ya sa hannu a aljihun wandonsa, na ji ƙarar makullai.

"Uncle, tsaya!" na ce. "Ba kunnenka ba ne. Ƙas ɗin ne babu, gam ya cire shi. Wallahi ni ma ban ji ba. Ga fallen can, zo ka ga dattin da idonka."

"Na sani lah," in ji shi. "Ai ba ka ƙifta ba."

Na ce masa ban gane ba.

"Kai in ƙas ɗin ya zo sai ka ƙifta ido, tun ranar farko haka kake. Ni na daɗe da daina jin sa, Sunusi. Sarewar ma yanzu sai can-can, kamar daga wani bene. Fuskarka nake kallo, ka ƙifta in ɗaga yatsa." Ya yi 'yar dariya. "Me ya sa kake tsammani na ce ka riƙa jin kayan? Shayina ba ya hucewa da sauri haka. Ban sayar wa kowa faifai da kunnen nan ba tun da ya fara tafiya. Makullin ne dai na kasa miƙawa, kullum sai in ce gobe. Yanzu ga shi ka wanke abin da nake laɓewa a bayansa."

Na ce ba na so, ya riƙe abinsa, ni in zama kunnen, shi ya zama sauran. Ya ce a'a, magana ya yi, kuma sarewa ta wuce bai ɗaga yatsa ba. Ya kamo hannuna, wanda ya make ranar farko, ya danƙa min makullan. Sannan ya ce in sauka in yi tapau, daga yau shi ne a benci. Na sauka na tsaya a gaban mai shayi na manta abin da na zo saye. Baƙin ciki ne ya cika ni, kuma ban iya ɓoye shi ba, har mai shayin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi min a gida.

Ya ci gaba da zuwa yana gyaran kwalaye har ƙafa ta kasa hawa benen, 'yarsa ta tafi da shi Ipoh, a can ya rasu. Faifan kwalekwale yana nan a kabad, har yanzu ba na sayarwa ba ne, amma ba ya gwada kowa, ya yi tsabta da yawa. Na zaɓi nawa ma'aunin, wani na Italiya mai farawa da piyano, da nasa ɗan ƙas ɗin da na hana ruwa da gam su kusance shi. Jan farcen yana nan a jikin maɓallin inda Uncle ya ɗiga shi.

Su Mubarak kuwa, one weekend ɗinsu ya zama watanni. Ledar da suka kawo babu na Italiya ko ɗaya a ciki, a kanta suka koyi wanki. Mubarak ya iya hannu ba laifi, kuma ya daina cewa easy tun ranar da na nuna masa yadda tawada ke bin ruwa a kan wani tarkace. Asabar ɗin da ta wuce sun zo da wuri, kafin in buɗe, sai na ce su zauna a benci su ga yadda ake fara safiya. Ban gaya musu akwai abin da za su ji ba. Na ɗora faifan piyanon, na sauke allura, na koma kujerar katako.

Piyanon ya fara. Ina jin sa sarai, ina jiran abina, sai na ga Zahra ta ƙifta ido. Ni piyano kawai na ji. Jiya ai na ji ƙas ɗin, ko kuwa zato na yi na ji don na san wurin, ban sani ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yatsana ya riga ya fara tashi daga kan gwiwa da kansa. Na danne shi da ɗaya hannun, na tashi na ɗauke allurar.

"Me kuka ji?"

"Piano, Baffa. Very clean," in ji Mubarak.

Zahra ta ɗago kai. "Akwai wani small ƙas, under the piano. Ko ni ce kawai?"

"Yana nan," na ce mata. "Ke kin ji, ni ban ji ba."

Na taɓa makullan a aljihuna, ban ciro su ba tukuna.

"Ki dawo gobe lah."